Kashi biyar ɗin da aka cire mini

Ni tela ne. Shekara goma sha bakwai ke nan ina kan keke a garin Kaduna. Yanzu shagona na da kekuna shida da na wibin guda ɗaya, da yara takwas, biyar sun ƙware, uku 'yan koyo. Yawancin aikinmu yunifom ne, na 'yan makaranta da na masu gadi da na ma'aikatan gidan mai. Yadi a Kasuwar Sheikh Gumi nake ɗauka, in aikin ya yi yawa kuma in hau mota zuwa Kantin Kwari a Kano. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san wanda ke magana, domin abin da zan ba da labari ya shafi doka da ofis, ni kuwa a bakin almakashi na tashi.

A watan Mayun 2023 wani kamfanin masu gadi ya ba ni aikin kaki saiti 300, riga da wando, kowane saiti a kan ₦8,000. Jimilla ₦2,400,000. Mun yi ciniki, an sa hannu, sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga watan. Litar fetur da muke saye ƙasa da ₦200 ta haura ₦500 cikin kwanaki, mu kuwa rabin aikinmu da janareta muke yi. Ban koma neman ƙari ba, tunda magana ta riga ta fita. Mako bakwai muka yi a kan kakin nan, wasu ranakun har ƙarfe ɗaya na dare, yara na gyangyaɗi a kan dutsen guga. Da aka gama biya na haɗa alat biyun da suka shigo, sai na ga ₦2,280,000. Dubu ɗari da ashirin babu.

Na kira akantan kamfanin. Ya ce, "Malam, kashi biyar na gwamnati ne, doka ce ta sa mu cire." Na ce to, Allah ya sa mu dace. Ban tambaye shi takarda ba, shi ma bai ce zai ba ni ba. A zuciyata na sa kuɗin a sahun abin da ya tafi ba zai dawo ba, kamar yadda mafi yawanmu ke yi.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne kuɗin nan ba su fita daga hannuna ba. Kafin alƙalami ne. Doka ta ce kamfanin da ya ba ka aiki ya cire wani kaso daga kuɗinka ya kai wa hukumar haraji da sunanka, sannan idan shekara ta zagayo aka lissafa harajin da ya hau kanka, a ɗebe abin da aka riga aka kai, ka cika sauran. Ma'aikatan ofis suna kiransa kiredit. Sharaɗinsa ɗaya, a iya nuna cewa kuɗin naka ne.

Farkon 2024 na ji wata makaranta mai zaman kanta na neman mai ɗinka mata yunifom, amma sai mai takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku da suka wuce. Na je na cike fom ɗin bayyana kuɗin shiga kafin wa'adin 31 ga Maris, ana cikin azumi. Na faɗi gaskiyar abin da shago ya samu, na kuma ambaci cewa an cire mini dubu ɗari da ashirin, domin a lokacin wani abokin sana'a ya ɗan ƙyanƙyasa mini cewa ana ragewa. Mako guda bayan ƙaramar Sallah takarda ta iso. An ƙiyasta ribata a naira miliyan biyu, haraji ₦186,000. A layin da ya kamata a ga abin da aka riga aka biya, sifili ne.

Duk wanda ya san shagon tela ya san yadda aljihu yake bayan Sallah. An biya yara, an biya bashin zare da maɓalli da zif, kasuwa ta kwanta sai kuma Layya ta matso. A wannan halin aka ce in kawo dubu ɗari da tamanin da shida, alhali ni a lissafina sittin da shida ya rage.

Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa ita ce ta kansilan mazaɓarmu. Haka muka saba. Ko transifoma ce ta ƙone, ko yaro aka kama, ko rigimar fili ce, gidan kansila ake dosa bayan sallar asuba, domin shi ne gwamnatin da ke da zaure a unguwa. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa tabarau ya karanta takardar, ya ce, "Wallahi Malam, wannan ba tamu ba ce. Harajin kuɗin shiga na jiha ne." Na ce, "Honorabul, ai duk gwamnati ce." Ya girgiza kai, ya ce ko kuɗin shago da na kasuwa da muke ganin na ƙaramar hukuma ne, tun da aka yi dokar haɗe haraji ta jihar Kaduna a 2016 hannu ɗaya ke tarawa, kuma an hana karɓar tsabar kuɗi, sai ta banki. Ya ba ni shawara in je ofishin da ya aiko takardar. Na fito ina jin kamar ya sallame ni ne kawai. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa mini, kuma da ya ce "bar mini, zan yi magana" da ya cuce ni, don da na koma gida na kwanta ina jira.

Na je ofishin sau uku. Kowane zuwa keke napep biyu, da rufe rabin wuni. Jami'in da ke teburin bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yakan juyo da allon kwamfuta ya nuna mini lambata ta mai biyan haraji, wato TIN, ya ce, "Ka gani, ba abin da ya shigo a kan wannan lambar. Ka kawo shaida." Ni kuma in ciro waya in nuna masa alat, in yi ta bayani, in rantse. Ya saurara har in gama, ya sake cewa in kawo shaida. A zuwa na uku, a bakin ƙofa, wani mutum da ba ma'aikacin wurin ba ne ya ja ni gefe ya ce in ba shi dubu talatin zai gyara komai. Na karɓi lambarsa, kuma ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ina juya maganar a raina.

Kwana goma sha tara suka tafi a haka.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na biya gaida Kawu, yayan mahaifiyarmu. Tsohon akawu ne, ya fara aiki a baitulmali tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ya yi ritaya yana ma'aji. Ya haura tamanin, ido ya yi rauni, amma kai garau. Ya ga fuskata ya ce lafiya? Na zayyana masa. Bai ce komai a kan kuɗin ba. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaushe takardar ta shigo hannunka?"

Na faɗa masa. Ya ƙirga da yatsu, ya ɗago.

"Saura kwana goma sha ɗaya. Ka rubuta?"

"Kawu, ai na je har sau uku, na yi musu bayani."

"Ban tambaye ka ko ka je ba. Ka rubuta?"

Nan ya warware mini. Dokar harajin kuɗin shiga ta ɗaiɗaikun mutane ta ba wanda bai yarda da ƙiyasin da aka yi masa ba kwana talatin daga ranar da takarda ta same shi, ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya faɗi dalilansa. In kwanakin suka cika bai rubuta ba, ƙiyasin ya zauna daram, ya zama bashi. Ya ce zuwa ukun da na yi, a idon fayil ban taɓa zuwa ba, domin fayil ba shi da kunne. Jami'in da na yi wa bayani ana iya canja masa wurin aiki gobe, ya tafi da duk abin da na faɗa masa. Da na ambaci mai dubu talatin sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kuɗinka na halal suna kwance a asusun gwamnati, za ka sayi haram ka je ka ɗauko su? Kuma in ya karɓa ya ɓace, wa za ka kai wa ƙara?"

Kawu mutum ne da in ya fara zancen haraji sai ya koma baya. Ya ba ni labarin yadda a da ake bi gida gida, mai unguwa da dagaci da dogarai, kowane baligi sai ya biya, makiyayi kuma a ƙirga masa shanu a karɓi jangali. Ya ce ya ga magidanta da idonsa suna kwana a gona don gudun masu karɓa. Yana nan a 1979 lokacin da Balarabe Musa ya hau gwamna ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, Abubakar Rimi ma ya yi haka a Kano. A ganinsa tsoron nan na zamanin dogarai bai bar jinin mutanenmu ba har yau. Talaka ya ga takardar gwamnati, abu biyu ke zuwa masa, ko ya ɓuya ko ya nemi wanda zai roƙa. Ba ya kawo wa ransa cewa yana da ikon cewa "wannan lissafin ba daidai ba ne, ga dalilina." Na yarda da shi, don ni kaina abin da na yi kwana goma sha tara ina yi ke nan, roƙo.

Ya kuma tambaye ni abin da ban taɓa tunani ba: rajistar shagona ta sunan kasuwanci ce ko ta kamfani mai limited? Na ce ta suna ce kawai. Ya ce to, abin da aka cire mini jiha ya kamata a kai wa, don a wurin doka ni da shagon mutum ɗaya ne. Da kamfani ne, tarayya za a kai wa. Akantoci da yawa na rikita wannan, in ji shi, kuɗi su tafi inda mai su ba zai gan su ba.

A daren muka rubuta wasiƙa biyu, ni da Kawu da 'yata ta fari da ke karatu a Kaduna Poli. Shi yana faɗa da Hausa, ita tana juyawa zuwa Turanci, tunda shi ne harshen fayil. Wannan kansa abin dubawa ne. Mutum nawa ne a Kasuwar Barci ko Panteka ke da 'ya a Poli da kawu tsohon ma'aji? Na daɗe ina ganin da za a liƙa sanarwa da Hausa da ajami a ƙofar kowane ofishin haraji, mai cewa kana da kwana talatin ka rubuta ƙorafi, da mutane da yawa ba su yi asarar haƙƙinsu ba.

Wasiƙar farko ta ofishin haraji ce. Gajera ce, ba ta cika shafi ba. Sunana da lambata, lambar takardar ƙiyasi da ranar da na karɓa, sai magana ɗaya: na amince da ribar da aka ƙiyasta, ban amince da rashin ɗebe ₦120,000 da aka cire mini ba, abin da na yarda ya rage a kaina ₦66,000 ne. Na so in saka labarin tsadar fetur da wahalar da muka sha, Kawu ya hana. Ya ce a bar abin da ba a jayayya a kansa, a tsaya a kan ƙusa ɗaya a yi ta bugu. Muka haɗa kwafin takardar kwangila da bayanan asusun banki da ke nuna abin da ya shigo. Ta biyu ta manajan kamfanin ce, ina neman shaidar cewa sun cire kuma sun kai.

Sai abin da ya fi nanatawa. Kowace wasiƙa a yi ta biyu. A miƙa ɗaya, a sa mai karɓa ya buga hatimi a kan ɗayar, ya sa hannu da kwanan wata, a dawo da ita gida. Ya ce, "In ba ka dawo da mai hatimi ba, kada ka zo ka ce mini ka kai."

Ranar Litinin na kai. A ofishin haraji ba teburin da na saba na je ba, wajen masu karɓar wasiƙu aka nuna mini. Wata baiwar Allah ta karɓa, ta rubuta a babban littafi, ta buga hatimi, ta miƙo mini kwafina. Duka bai kai minti goma ba. Na tsaya a waje ina kallon shuɗin tawadar nan. Kwana na ashirin da biyu ke nan.

A kamfanin kuwa, akantan da ya daina ɗaukar wayata tun makonni, da wasiƙa ta sauka a teburin manaja, shi da kansa ya kira ni washegari. A nan asiri ya tonu. Sun cire kuɗin tun Yulin 2023, ba su kai ba sai ƙarshen shekara, kuma da suka tashi kaiwa sai suka dunƙule na mutum kusan ashirin wuri guda. A jadawalin da suka haɗa, sunan da ke kan allon shagona suka rubuta, shi ma da kuskuren harafi, gurbin lamba kuma fayau. Kuɗina sun yi wata huɗu a asusun gwamnati ba mai su. Jami'in da ke juyo mini da kwamfuta gaskiyarsa ce, ba abin da zai gani. Sai da na yi sawu huɗu kafin kamfanin ya ba ni kwafin rasidin banki da gyararren jadawali da wasiƙa mai ɗauke da sunana da lambata. Na kai su da wata 'yar wasiƙar rakiya, ita ma aka buga mini hatimi.

Daga nan jira ne. Mayu ya wuce, aka yi Layya a Yuni. Makarantar da nake hari ta ba wani aikin, wannan kam ya wuce ni, kuma har yanzu in na tuna yana yi mini ciwo, don aikin shekara uku ne. A cikin Yuli sabuwar takarda ta fito, ₦66,000. Na biya a banki, na karɓi takardar shaidata.

Da ba a gyara ba, akwai sauran ƙofofi, kuma Kawu ya lissafa mini su tun a daren farko don hankalina ya kwanta. Idan hukuma ta ƙi sauya ƙiyasi takan ba da sanarwar ƙi a rubuce, daga nan mutum na da wasu kwana talatin ya kai gaban kotun sauraron ƙararrakin haraji da dokar 2007 ta kafa, wadda reshenta na Arewa maso Yamma a nan Kaduna yake zama. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala, wadda ke karɓar kuka a kan jan ƙafa ko rashin adalcin ofisoshi ba tare da an biya ko kwabo ba. Duk shekarun da na yi ina sana'a a garin nan ban san da ko ɗaya ba.

Abubuwa sun sauya tun daga lokacin, kuma ya kamata 'yan'uwana masu ƙananan kwangiloli su sani. Ƙa'idojin cire haraji daga tushe da aka fitar a 2024, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2025, sun rage abin da ake cirewa a kan kawo kaya daga kashi biyar zuwa biyu. Sun kuma wajabta wa wanda ya cire ya ba ka rasidi, kuma da wannan rasidin za ka nemi a ɗebe maka, ko ya kai kuɗin ko bai kai ba, hukuma ce za ta bi shi. Sannan a ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu, biyu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma a Janairun 2026. A cikinsu an yafe haraji a kan ₦800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, an kuma samar da ofishi na musamman mai sauraron koken masu biyan haraji. Ni dai yanzu ba na sakin kaya sai an rubuta lambata a takardar biya, kuma ranar da alat ya shigo ranar nake neman rasidin abin da aka cire.

A watan da takardata ta fito, ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ana ta muhawara a rediyo, sai na koma wajen Kawu da wata tambayar: tunda harajina ba na kansila ba ne, mene ne nasa? Ya sa 'yata ta buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 a waya ta karanta mana. Kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da banɗakunan jama'a. Maƙabartu. Titunan unguwa da fitilunsu da magudanan ruwa. Kwashe shara. Sa wa tituna suna da gidaje lamba. Rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Jihar nan na da ƙananan hukumomi 23, birnin kansa ya ratsa huɗu, Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Chikun da Igabi, kuma kowacce wannan nauyin na wuyanta.

Da aka zo kan magudanan ruwa na ce ta maimaita. A layin shagona akwai kwalbati da ta toshe tun shekara biyu kafin nan, murfinta ɗaya ya karye. Duk watan Agusta ruwa ke tumbatsa ya shigo mana, mu ɗora bandiran yadi a kan tebura, mai shayin gefenmu ya tashi, yara su yi ta zazzaɓin sauro. Mun sha faɗa wa kansila a wajen ɗaurin aure da jana'iza, yakan ce in sha Allahu, mu ce Allah ya ba da iko. Ba wanda ya taɓa rubutawa.

Wannan karon na bi shago shago da gida gida. Mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu, wasu da dangwale. Mai Unguwa ya sa nasa a sama. Muka haɗa hotuna uku da aka wanke, muka rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarmu ta hannun sashen ayyuka, kwafi ga kansila. Na kai sakatariya da kaina na dawo da mai hatimi. Kansila da ya ga nasa kwafin ya ce mun taimake shi, don yanzu yana da abin da zai ɗaga a zaman majalisa, da can in ya yi magana sai a ce kowa ma unguwarsa na da kwalbati.

Bayan mako biyar aka turo leburori shida da shebur da baro. Sun yashe magudanar tun daga bakin masallaci har mahaɗar titi, kwana biyu suna yi, mu muka riƙa ba su ruwa da abincin rana. Damina ta ƙarasa ruwa bai shigo shago ba. Murfin da ya karye dai ba a sauya ba, katako muka ɗora, kuma ko a watan jiya wata yarinya mai tallan gyaɗa ta zurma ƙafa a wurin ta gurje ƙauri. Mun sake rubuta wata, ta uku ke nan a kan murfin, da hoton ramin da lambobin wasiƙun baya da ranakun da aka karɓe su. Tana cikin jakar roba a durowar kekena. Ranar Litinin da ƙarfe tara ni da Mai Unguwa za mu kai.